Jan yuropiyom, koren tarbiyom, da abin da ruwa ke yi musu

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai karatun ilimin sinadarai a nan Yamai, ina aikin memuwar ɗina (kundin kammala karatu) a kan kompleks na lantanid, wato haɗin waɗannan ƙarafa da molekul ɗin da ke manne musu, waɗanda ake kira ligan. Na haɗa yuropiyom da ligan TTA (tenoyiltirifuloro-aseton) na samu hoda, in na haska ta da fitilar UV ta 365 nm sai ta yi ja jawur. Amma da na narkar da ita cikin etanol na ƙara ruwa, sai hasken ya dushe. Na sake aikin da tarbiyom, ligan shi ne, hanya ita ce, amma koren da littafi ya ce zan gani da kyar ake ganinsa. Wani abokin karatuna ya ce gishirin tarbiyom ɗin ne ya lalace. Ina na yi kuskure? Kuma me ya sa bakan hasken yuropiyom, wato rabuwarsa bisa tsawon zango, ke fitowa siraran layuka, ba tudu mai faɗi ba irin na rinin da muka saba aunawa?

Amsa: Ƙanwata, barkanki dai. Kada ki zubar da gishirin tarbiyom ɗin nan tukuna, domin ko da sabo fil aka kawo miki shi daga kanti, abin da kika gani shi za ki sake gani. Siraran layukan, dushewar haske cikin ruwa, da tarbiyom da ya ƙi haskawa, duk tushensu ɗaya ne. A irin waɗannan kompleks launin hasken na ƙarfen ne, ligan ba ya iya sauya masa shi sai ɗan kaɗan. Ƙarfin hasken kuwa yana hannun abin da ke kewaye da ƙarfen. Bari in fara da layukan, in kin gane su sauran ba za su ba ki wahala ba.

Lantanid goma sha biyar ne, daga lantan mai lamba 57 zuwa lutesiyom mai lamba 71. In aka ƙara iskandiyom da itiriyom, su ne ƙarafa 17 ɗin nan da manyan ƙasashe ke rububi a kansu saboda maganaɗisu da fitilu. Cikin kompleks kusan kullum da caji +3 suke zama, kuma abin da ke bambanta wannan da wancan shi ne yawan elektron da ke orbital 4f (orbital shi ne mazaunin elektron cikin atam): seriyom ɗaya, yuropiyom shida, gadoliniyom bakwai, tarbiyom takwas, har lutesiyom da ya cika goma sha huɗu. Ko da yake 4f ne ake cikawa a wannan jerin, ba shi ne a waje ba. Orbital 5s da 5p, masu ɗauke da elektron takwas, sun fi shi nisa daga tsakiyar atam, sun lulluɓe shi. Oksijen ɗin TTA da su yake cin karo. 4f kam da kyar yake jin zuwansa.

Ki tuna abin da kika gani tun a lise: ruwan sulfat ɗin tagulla shuɗi ne mai haske, in aka zuba amoniya ya koma shuɗi mai duhu. Ƙarfen bai sauya ba, ligan ne ya sauya, launi ya bi shi. Orbital 3d na tagulla a waje yake, shi ke shiga ɗauri da ligan, kuma a irin waɗannan ƙarafa ligan na raba matakansa da tazarar 10,000 zuwa 20,000 cm⁻¹ ko fiye (cm⁻¹ ma'aunin makamashi ne a aikin haske). A lantanid wannan rabuwar ba ta wuce ƴan ɗaruruwa. Shi ya sa yuropiyom mai caji +3 a wuri ɗaya yake ba da layukansa, ko cikin TTA, ko cikin oksid, ko cikin gilas.

Alamomin da kike gani a littafi, irin ⁵D₀ da ⁷F₂, sunayen matakan makamashi ne, ƙaramar lambar da ke ƙasa ita ce J. Daga ƙarfi uku suke fitowa, kuma girmansu ba ɗaya ba ne. Mafi girma shi ne turereniyar da elektron ke yi tsakaninsu. Ita ta raba ⁵D da ⁷F da tazarar da ta haura 10,000 cm⁻¹. Na biyu shi ne haɗuwar sipin, wato ɗan maganaɗisun da kowane elektron ke da shi, da kewayen orbital, wadda ke ƙaruwa da nauyin atam; ita ta tsaga ⁷F gida bakwai, daga J = 0 zuwa J = 6, inda ⁷F₆ ke wajen 5,000 cm⁻¹ sama da ⁷F₀. Sai na ƙarshe mafi rauni, filin ligan, wanda ke tsaga kowane J zuwa ƴan matakai da ba za su wuce 2J + 1 ba. Elektron shida cikin gurabe goma sha huɗu na iya zama ta hanyoyi 3,003, don haka taswirar matakan cunkushe take. Ƙa'idojin Hund ke nuna mana na ƙasa: ⁷F₀ ga yuropiyom, ⁷F₆ ga tarbiyom, domin shi ya wuce rabi, jerin ya juye. Gerhard Dieke da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna matakan lantanid cikin kiristal ɗin lantan kulorid, taswirarsu ta fito a shekarun 1960. Wannan taswirar, da aka yi da wani kiristal dabam, tana aiki a kan hodarki da ɗan bambanci ƙalilan. Ba za ki samu irinta ga baƙin ƙarfe ko kobal ba. Ki buga ta ki manna a bangon labo.

Sirantar layukan kuwa ga dalilinta. A rini irin fuloresin ko rodamin, elektron ɗin da ke shan haske yana cikin ɗaurin molekul ne. In ya hau, ɗaurin ya ɗan saki, molekul ya gyara tsayuwa, kuma wajen saukowa yana iya faɗawa kan matakan girgiza barkatai. Kowace faɗuwa da nata tsawon zango, in aka tara su sai su zama tudu mai faɗin nanomita arba'in ko fiye. A yuropiyom elektron ba su bar 4f ba, zamansu ne kawai ya sauya a ciki. Tazarar ƙarfe da oksijen kafin hawa da bayan hawa kusan ɗaya ce, babu abin da zai faɗaɗa layin.

Tunda bakan na hannunki, ki karanta shi da kyau, yana da bayani fiye da yadda ɗalibai ke zato. Layukan daga mataki ɗaya suke saukowa, ⁵D₀, wanda ke wajen 17,250 cm⁻¹. Sauka zuwa ⁷F₀ tana kusa da 580 nm kuma rauni gare ta, zuwa ⁷F₁ kusa da 590, zuwa ⁷F₂ tsakanin 610 da 620, ita ce jan da idonki ke gani, sai ⁷F₃ kusa da 650 da ⁷F₄ kusa da 700. Layin 590 ta ɓangaren maganaɗisun haske yake faruwa, ligan ba ya taɓa ƙarfinsa sosai, don haka da shi ake gwada sauran. Layin 612 shi ne mai saurin jin motsin maƙwabta. In yuropiyom na zaune a wurin da ke da cibiyar daidaito, inda kowane ligan ke da takwaransa a ɗaya ɓangaren, 612 zai raunana, hasken ya karkata zuwa ruwan lemo. In wurin a karkace yake, kamar a kompleks na TTA, 612 na iya ninka 590 sau goma ko fiye. Ɗan layin 580 kuma daga J = 0 zuwa J = 0 ne, babu ligan da ke tsaga shi. In na'urarku na da kaifin da ta nuna shi gida biyu, to yuropiyom ɗinki zama iri biyu yake yi cikin hodar, ki koma ki duba tsabtarta.

To, wannan ɓuyan da 4f ya yi yana da tsada. Ƙa'idar Laporte ta ce kafin elektron ya sha haske ko ya fitar da shi da ƙarfi, sai ya tashi daga orbital mai wani irin daidaito zuwa mai kishiyarsa, kamar daga f zuwa d. Daga f zuwa f an hana. Hanin bai cika cif ba, domin filin ligan na ɗan gauraya 5d cikin 4f. A 1962 Brian Judd da George Ofelt, kowa a nasa ɓangaren, suka fitar da lissafin wannan gaurayar, kuma sigogi ukun nan nasu, Ω₂ da Ω₄ da Ω₆, har yau da su ake aiki. Amma ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Ma'aunin shan haske, ε, na layukan lantanid yawanci bai kai 10 ba, sau da yawa ma bai kai 1 ba, alhali na ligan irin TTA dubbai ne, har ya haura dubu goma. Saboda haka iyon ɗin ba ya iya shan hasken da zai ishe shi da kansa. In kuma ya samu ya hau, saukowar na yi masa wuya, sai ya daɗe a sama, milisakan guda ko kusa da haka, inda rini ke saukowa cikin nanosakan kaɗan. Ki riƙe wannan daɗewar a ranki, duk sauran maganar a kanta take.

A 1942 Samuel Weissman ya lura cewa in aka haska wasu kompleks na yuropiyom a inda ligan ke shan haske, layukan yuropiyom ne ke fitowa. Ligan ya zama eriya ke nan. Ga yadda abin ke tafiya a hodarki. TTA na shan UV, ƙololuwar shansa kusa da 340 nm, jelarsa kuma ta kai 365 na fitilarki, sai ya hau matakin S₁, matakin sama na farko da ligan ke kaiwa ba tare da sipin ya juye ba. Nauyin ƙarfen da ke manne da shi na sauƙaƙa juyewar sipin, ya gangara zuwa T₁, matakin ligan na ƙasa da S₁ inda sipin ya juye. Daga T₁ makamashin ya tsallaka zuwa matakan 4f na ƙarfe, ya sauka kan ⁵D₀, daga nan haske ya fito. Kowane mataki ƙasa yake da wanda ya gabace shi, shi ya sa kike shigar da UV ki karɓi ja.

Yanzu ki dubi alƙaluma, su za su wanke gishirin tarbiyom ɗinki. T₁ na TTA yana wajen 20,500 cm⁻¹. Ga yuropiyom, ⁵D₁ yana wajen 19,000, ⁵D₀ yana 17,250. Gangara ce ta fiye da 3,000 cm⁻¹, abin da ya sauka ba ya iya komawa. Ga tarbiyom, matakin da ke ba da koren 545 nm shi ne ⁵D₄, kuma yana wajen 20,500 cm⁻¹. Kafaɗa da kafaɗa yake da T₁ ɗin ligan. Makamashin na tsallakawa zuwa tarbiyom, amma tarbiyom sai ya jira wajen milisakan kafin ya saki haske, kuma a cikin wannan jiran makamashin ya koma kan ligan ba adadi. A kan ligan kuwa masu cinye shi suna nan: girgizar molekul, da iskar oksijen da ta narke cikin ruwan narkarwa, wadda ke kashe T₁ nan da nan. Zafin ɗaki kaɗai na ba kowane molekul abin da ya kai 207 cm⁻¹ a digiri 25, don haka ko da T₁ ya ɗara ⁵D₄ da ƴan ɗaruruwa, komawar ba za ta tsaya ba. Wani rukunin masu bincike na ƙasar Finlan, Latva da abokansa, sun gwada ligan masu yawa a 1997, suka ga sai T₁ ya ɗara ⁵D₄ da wajen 1,850 cm⁻¹ kafin komawar ta daina ɓarna. A aikace mukan ce 2,000 zuwa sama. TTA ligan ne na yuropiyom, ba na tarbiyom ba, kuma duk wanda ya gwada shi a duniya abin da kika samu ya samu.

Wata magana a gefe, tunda an ambaci zafi. Shi kansa kompleks ɗin yuropiyom da TTA haskensa na raguwa in zafi ya ƙaru, har ana shafa shi a kan ƙananan na'urorin lantarki don a ga inda suke ɗumi. A Yamai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Awon da kika yi da safiyar Disamba da wanda kika yi da azahar ɗin Afrilu, kuran ya ɗauke kilim ya tsaya, ba za su zo ɗaya ba. Ki riƙa rubuta zafin ɗaki kusa da kowane awo, in ba haka ba ranar kare memuwar za a tambaye ki abin da ba ki da amsarsa.

In kina son ki gamsar da abokin naki, ki ɗauki gishirin tarbiyom ɗin nan dai ki haɗa shi da asetilaseton, wanda T₁ ɗinsa ke wajen 25,000 cm⁻¹, ko da asid salisilik. Ki haska da fitilar duba farantin kromatografi, mai maɓalli biyu, 254 da 365, ki gwada dukkansu domin waɗannan ligan sun fi shan gajeren zango. In kore ya tashi, magana ta ƙare. Hanyar da ta fi wannan a ilmance ita ce ki yi kompleks ɗin da gadoliniyom. Matakinsa na farko yana can wajen 32,000 cm⁻¹, ligan ba ya iya miƙa masa komai, sai makamashin ya maƙale a T₁. In aka sanyaya samfurin da ruwan azot (nitrojin) zuwa 77 K, ligan ɗin da kansa zai haska daga T₁, kuma gefen bakan mafi gajeren zango shi ne tsayin T₁. Duk sabon ligan da za ki ƙirƙira nan gaba, da wannan awon za ki fara, kafin ki ɓata yuropiyom ko tarbiyom masu tsada.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ita ce zuciyar aikinki. Lantanid manyan iyon ne, maƙwabta takwas ko tara suke so. TTA uku oksijen shida suka kawo. Sauran gurabe biyu, in ba ki ba su wani abu ba, ruwa ke cika su, don haka mai yiwuwa hodarki Eu(TTA)₃(H₂O)₂ ce tun kafin ki ƙara ko ɗigo ɗaya. Ruwan da ke manne da ƙarfe yana da ɗaurin O–H mai girgiza da makamashin kusan 3,450 cm⁻¹, wanda yake cikin mafi girma a duk girgizar molekul. Tazarar da yuropiyom zai tsallaka ba tare da haske ba, daga ⁵D₀ zuwa ⁷F₆, wajen 12,300 cm⁻¹ ce. Ki ɗauka wannan makamashin babbar takardar kuɗi ce da ake neman canjinta a kasuwa. Mai riƙe da manyan takardu uku ko huɗu zai zaro, an gama nan take. Mai ƴan sulalla sai ya zauna ƙirga, kafin ya kammala mai kuɗin ya yi sayayyarsa ya wuce. O–H shi ne mai manyan takardu: girgiza uku zuwa huɗu sun isa su karɓe makamashin duka su mai da shi zafi. O–D na ruwa mai nauyi (D₂O, mai haidrojin mai nauyi) 2,500 yake, sai an tara biyar, kuma kowane ƙarin guda ɗaya na rage yiwuwar abin matuƙa. C–F bai wuce wajen 1,200 ba, sai goma. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake son ligan masu fuliyor, irin CF₃ ɗin da ke jikin TTA.

Tarbiyom ya fi jure ruwa, tazararsa wajen 14,800 ce. Gadoliniyom ko a jikinsa. Masu haskawa a ƙasan ja kuwa, inda ido ba ya gani, irin neyodim da arbiyom da itarbiyom, su ne abin tausayi. Tazarar arbiyom wajen 6,500 ce kawai, girgizar O–H biyu sun cinye ta, ko C–H ɗin ligan ma na kashe shi. Shi ya sa hasken arbiyom na 1,550 nm, wanda ke ƙarfafa saƙon intanet cikin wayoyin gilas na ƙarƙashin teku, a cikin busasshen gilas ake samar da shi ba cikin kompleks ba.

Wannan ɓarnar ta ruwa an mai da ita ma'auni. Iyon ɗin yuropiyom tsirara cikin ruwa yana daɗewa wajen milisakan 0.11, cikin ruwa mai nauyi kuma ya haura milisakan 3. A 1979 William Horrocks da Daniel Sudnick suka nuna cewa daga bambancin nan ana iya ƙirga molekul ɗin ruwan da ke manne da ƙarfe: q = 1.05 × (1/τ cikin H₂O − 1/τ cikin D₂O), inda q shi ne yawan molekul ɗin ruwan, τ kuma daɗewar ce cikin milisakan. Ki saka alƙaluman da na ba ki, za ki samu kusan tara, wato duk guraben ruwa ne. Ga tarbiyom 4.2 ake sawa maimakon 1.05. An yi wa lissafin gyare-gyare daga baya don a cire tasirin ruwan da ke nesa kaɗan, amma tushen bai sauya ba. In na'urarku na auna tsawon rai, mililita kaɗan na D₂O za su ba memuwar ɗinki nauyin da shafuka ashirin na bayani ba za su ba shi ba.

Akwai abu na biyu da ruwan da kika ƙara ya yi. Ɗaurin lantanid da ligan na jan caji ne kusan zalla, ba shi da riƙo irin na kobal ko fulatin, ligan na shiga suna fita cikin ƙiftawar ido. In ruwa ya yi yawa sai ya ture TTA ɗin gaba ɗaya, musamman in kompleks ɗin kaɗan ne cikin ruwan narkarwa ko in akwai ɗan tsami da zai mayar wa TTA proton ɗinsa. A nan eriyar ce ta tsinke. In kuma pH ya hau da yawa, hidroksid ɗin yuropiyom zai kwanta fari a ƙasa. Bakan zai gaya miki wanne ne ya faru: ki bi rabon 612 da 590 yayin da kike ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. A iyon da ruwa ya kewaye gaba ɗaya 590 ne ke rinjaye, don haka in rabon ya faɗi warwas, ligan ya tafi.

Maganin hodar mai sauƙi ne. Ki ƙara fenantirolin, mol ɗaya ga kowane mol na yuropiyom. Azot ɗinsa biyu za su kori ruwan biyu su zauna, ki samu Eu(TTA)₃phen, kuma da ido ma za ki ga bambanci. TOPO, wani ligan mai kamawa da oksijen, shi ma na yin wannan aikin. Ki adana samfuranki cikin desikata mai sabon silika, a duhu, domin TTA na lalacewa in ya daɗe ƙarƙashin UV. Lokacin hunturu iskar Yamai a bushe take, ba za ki ga matsala ba. Watan Agusta ne, tsakiyar damana, gishirin kulorid da nitarat na lantanid ke shan danshi har su jiƙe a kan sikeli, awon nauyinki ya tashi ba daidai ba.

Dabarar korar ruwan nan ita ce aka gina wata babbar hanyar gwajin jini a kanta. A shekarun 1980 kamfanin Wallac na birnin Turku a Finlan ya fito da tsarin DELFIA. Ana liƙa yuropiyom a jikin ƙwayar garkuwar da ke kama abin da ake nema. A ƙarshen gwaji a saki yuropiyom ɗin cikin wani ruwa mai ɗauke da ɗan'uwan TTA, da TOPO, da sabulun Triton X-100 wanda ke lulluɓe kompleks ɗin ya raba shi da ruwa. Sannan a walƙa haske, a jira mikrosakan 400, a fara ƙirga. Duk wani ƙyallin furotin da na roba ya mutu tun cikin nanosakan, yuropiyom kaɗai ya rage yana haskawa. Ana amfani da shi wajen gwajin jarirai sababbin haihuwa, misali na matsalar tiroyid. Jinkirin nan da ya kashe miki tarbiyom shi ne jarin wannan hanyar.

Kada ki ɗauka abin da na faɗa a kan launi ya hau kan kowane lantanid. Ampul ɗin LED da fitilun sola da suka cika kasuwannin Yamai farin haskensu daga seriyom yake, amma ta wata hanya. Diyod ɗin shuɗi yake bayarwa, kusa da 450 zuwa 460 nm, a samansa kuma akwai hodar YAG, kiristal na itiriyom da alminiyom, mai ɗauke da Ce³⁺ wadda ke shan wani kaso na shuɗin ta mayar da shi rawaya. A seriyom elektron daga 4f yake tsallakawa zuwa 5d. Laporte bai hana wannan ba, don haka shan hasken na da ƙarfi, saukowar kuma cikin nanosakan sittin ko saba'in take. Kuma 5d a waje yake, yana jin maƙwabta sarai, sai bakan ya yi faɗi, launin ya bi mazauni. Haka yuropiyom mai caji +2: shuɗi yake a hodar BAM, alminat na bariyom da magneziyom, kore a alminat ɗin istironsiyom mai haskawa cikin duhu, ja a wasu nitirid. In kin samu tsohon ampul mai lanƙwasa irin na tattalin wuta, ki dubi haskensa a bayan faifan CD ki gwada da na LED. Na farkon zai rabu gida-gida, ja na 611 daga Eu³⁺, kore na 545 daga Tb³⁺, da layukan zaiba. Na LED zai miƙe ba yankewa.

Mu a Nijar dole wani ya tambaye ki uraniyom, tunda tun 1971 ake haƙo shi a Arlit, kuma gishirinsa ma na ba da kore ƙarƙashin UV. Da irin wannan gishirin Henri Becquerel yake aiki a 1896. Amma hasken uranil, UO₂²⁺, ba na f zuwa f ba ne, domin 5f ɗinsa fanko yake. Elektron daga oksijen yake tsallakawa zuwa uraniyom, ɗaurin ya saki, shi ya sa bakansa ke fitowa tudu-tudu a jere da tazarar kusan 850 cm⁻¹, wato girgizar O=U=O. Ba layin su ɗaya da yuropiyom ba.

In abin da malaminki ke so shi ne ligan guda da zai haska ƙarafan biyu kuma cikin ruwa, ki nemi asid dipikolinik. Kowane molekul nasa da haƙora uku yake kamawa, azot ɗaya da oksijen biyu. Uku sun cika gurabe tara, ruwa bai da wurin zama. T₁ ɗinsa na wajen 27,000 cm⁻¹, ya yi wa ⁵D₄ nisan da komawa ba za ta yiwu ba, kuma yana ciyar da yuropiyom ma. A pH kusa da 7.5, da ligan uku ko ɗan fiye ga kowane ƙarfe, za ki samu ja da kore cikin ruwa zalla, tsawon ransu sama da milisakan ɗaya da rabi. Sai dai shansa kusa da 270 zuwa 280 nm yake, fitilar 365 ba za ta tashe shi ba. Ki kunna maɓallin 254, ki zuba samfurin cikin kuvet ɗin kwartz domin gilas na yau da kullum na tare wannan zangon, ki kuma sa tabarau da safar hannu, 254 na ƙona ido da fata ba tare da kin ji ba a lokacin.